Dutsen Ƙaro a Aljihun Mai Wayoyi

A can ƙarshen barandar asibitin, in ka wuce ɗakin ɗaukar jini, ka wuce lungun da ake jibge kekunan marasa lafiya da suka rasa tayoyi, akwai wani ɗan ɗaki mai taga ɗaya. Gado ɗaya ne a ciki, da labule wanda ya daɗe da manta launin da aka sayo shi da shi, sai wata na'ura a kan teburi mai taya, wayoyi goma suna reto daga jikinta. A ɗakin nan wata mata da ake kira Mai Wayoyi ta yi shekara ashirin da takwas tana ce wa mutane su cire riga, suna kuwa cirewa. Manyan mutane masu tumbi, waɗanda a gida ba mai iya ce musu "gyara zama", a nan suke kwanciya lamo, su miƙa hannu su miƙa ƙafa kamar jinjirin da za a shafa wa hoda.

Aikinta gwajin zuciya. Ta shafa maka wani mai mai sanyi da santsi, ta manna maka 'yan faifai shida a ƙirji, ta matse maka wuyan hannu da idon sawu da wasu abubuwa kamar na maƙale shanya, ta danna maɓalli. Sai na'urar ta turo doguwar takarda mai layi-layi, da zane a kai kamar tuddai da kwaruruwa. Ta yage, ta kai wa likita. Iyakar aikin ke nan. Ita ba likita ba ce, kuma ba ta taɓa cewa ita ce ba, amma 'yan unguwarsu sun daɗe da naɗa ta da kansu. Har ciwon haƙori da kyanwar da ta ƙi cin abinci ana kawo mata ƙofar gida.

Gajeriya ce mai faɗi, tabarau a rataye da zare a wuya, takalmin robarta yana ƙiƙi-ƙiƙi a kan siminti yana sanar da zuwanta tun daga bakin get. Mijinta, tsohon direban motar kashe gobara, ya ce tun da ya aure ta bai taɓa yin ƙarya ya sha ba, don da ya buɗe baki take cafke masa wuyan hannu tana sauraron bugun jininsa.

Wahalar aikin duk daga mutane take. Sunan gwajin a rubuce yake a katin da likita ke ba su, wani dogon suna na Turanci wanda ya fara da "elektro". Wanda bai yi boko ba nasa da sauƙi, wayoyin kawai zai gani ya fara salati. Wanda ya ɗan leƙa aji shi ne fitina: ya karanta rabin farko, ya gane da lantarki ake zance, ya watsar da sauran rabin, gumi ya karyo masa. Shi kuwa mai tsoro jikinsa rawa yake, kuma in jiki na rawa na'urar ba ta zana tuddai, ciyawa take zanawa, likita ya dawo da takardar ya ce a sake. Saboda haka kafin Mai Wayoyi ta gwada zuciyar mutum sai ta fara kwantar masa da ita.

Maganinta yana aljihun dama na farar rigarta: wani dutsen carbi ne guda ɗaya, girman ƙwan tattabara, ruwan zuma, da 'yar tsaga a gefe. Da ta ga idon mutum ya fara raina fata, sai ta yagi kusurwar takarda ta marmasa a kan teburi, ta ciro dutsen, ta goga shi a wani ɗan ƙyallen ulu, ta kusantar da shi. 'Yan takardun su yi tsalle su manne masa.

"Ka ga wannan?" in ji ta. "Shi ne kakan duk wata wutar da kake tsoro. Ungo, riƙe. Ya cije ka?"

Bai taɓa cizon kowa ba. Mutum yana juya shi a tafin hannu yana dariyar jin kunya, ita kuma ta riga ta manna faifai uku.

Asalin dutsen daga shagon Kawu ne, wan mahaifiyarta. Uwar ta rasu yarinyar tana da shekara huɗu. Uban kuwa ya tafi neman aiki, kuma ga dukkan alamu har yau yana nema. Kawu ya ɗauke ta ya kai wa matarsa, Inna, wadda Allah bai ba haihuwa ba, suka raine ta. Sunan kakarta aka sa mata, wato mahaifiyar Kawu, don haka bai taɓa kiran sunanta ba, sai dai "Uwata". Ko lokacin da yake zane ta a kan ta fasa masa madubin shago, cewa yake, "Uwata, miƙo hannu."

Kawu duwatsun wuya da carbi yake sayarwa, a wani siririn shago wanda in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya fita kafin ɗayan ya juya. A cikin kayansa duka ba abin da yake ji da shi kamar dutsen ƙaro. Ya ce ƙaron itace ne na tun zamanin da ba wanda ya san lissafinsa, ya ɗiga, ƙasa ta rufe shi, ya daskare ya zama kamar dutse, amma ba nauyi, ba sanyi a hannu. In dillali ya kawo masa, sai ya goga a hular ulun da ba ya rabuwa da ita, ya kusantar da shi ga 'yan zare da ɓurɓushin takarda ya ga ko zai ja. Daga nan ya ci gaba da gugar har ya ɗauki ɗumi, ya kai hanci. Roba ma takan ja takarda, in ji shi, amma roba ba ta san ƙamshin itace ba. A kan benci a bakin shagon nan yarinyar ta koyi wannan tun kafin ta iya rubuta sunanta.

Akwai kuma abin da duk layin shagunan ya sani game da Kawu: ba ya shiri da wutar lantarki. Yana saurayi, wata rana ana ruwan sama, ya kama ƙofar ƙarfen shago zai rufe, ashe wata waya da ta feɗe tana taɓa ta. Wuta ta riƙe shi, ta girgiza shi, ta jefar da shi tsakiyar titi. Ya tashi da rai, amma yatsu biyu na hannun hagu sun lanƙwashe, ba su ƙara miƙewa ba. Daga ranar bai sake taɓa makunnin wuta da hannu ba. Ya samo wata guntuwar sanda, ya huda ta, ya rataye a bakin ƙofar ɗaki, ya yi wata a shago. Da ita yake kunna fitila, daga nesa, kai a kauce, kamar mai tsokanar maciji. Fanka kuwa da rediyo da dutsen guga, waɗannan duk ma'aikatar Inna ce.

To ka ji mutumin da 'yarsa ta je ta zaɓi aikin wayoyi.

Shi ne dai ya tsaya mata a kan karatun. Shekara da shekaru yana goya ta a keke ya kai ta makaranta kafin ya buɗe shago, tana riƙe da rigarsa, yana faɗa da masu mota. Da ta samu shiga makarantar koyon aikin asibiti, ya zagaye layin shaguna kaf yana sanarwa, har da waɗanda ba sa gaisawa.

A makarantar ne, wata safiya, wani malami mai sanƙo ya rubuta dogon sunan gwajin nan a allo, ya ja layi ƙarƙashin farkonsa. Ya ce duk inda suka ga "elektro" a gaban kalmar Turanci, to abin yana da alaƙa da lantarki. Ya ce kalmar kuma ba ta Turawan Ingila ba ce, aro suka yi daga mutanen Girka na dā. Su Girkawan suna da wani dutse mai launin zuma da suke kira "elektron", sun lura in an goga shi yana jan ƙaiƙayi da gashin tsuntsu. Bayan ɗaruruwan shekaru, da masana suka tashi sa wa wannan ƙarfi suna, sai suka ba shi sunan dutsen. Daga nan ya yaɗu, har ya iso bakinmu muka lanƙwasa shi ya koma "lantarki". Malamin ya ƙara da cewa shi ma a littafi ya karanta, bai taɓa ganin dutsen da idonsa ba.

Ta ɗaga hannu. "Malam, kawuna yana da shi cike da gwangwani."

Ajin ya tuntsire da dariya. Washegari ta zo da guda ɗaya a ƙulle a bakin mayafi, ta goga a rigar sanyin malamin da kansa, ta ɗauke masa ɓurɓushin takarda daga kan teburi. Ba wanda ya ƙara dariya. Malamin ya riƙe dutsen ya daɗe yana kallo ta hasken taga, sai da ta yi gyaran murya sau biyu kafin ya mayar mata da kayan mutane.

Da gudu ta kai wa Kawu labari, tana tsammanin zai yi murna. Ya saurara har ƙarshe, ya ajiye zaren da yake shiryawa.

"Uwata, wato so kike ki ce abin da ya jefar da ni a titi, da abin da nake ci da shi nake sha da shi, uwarsu ɗaya ubansu ɗaya?"

"Sunan dai daga nan ya fito, Kawu."

"To ki gaya wa malamin naku ya nemi hula ya rufe kan nan, rana tana taɓa shi. Dutsena bai taɓa lanƙwasa wa kowa yatsa ba."

Bai sake yarda an ta da zancen ba. Amma ranar da za ta fara aiki, ya kira ta shago ya damƙa mata babban dutsen nan mai tsaga. Ya ce don ya tsage ne, ba mai saye. Inna kuwa ta ce ƙarya yake, mutum uku sun nema ya hana.

Shekaru suka tafi. Mai Wayoyi ta yi aure, ta haifi huɗu, ta aurar da biyu, furfura ta fara leƙowa ta gefen ɗankwali. Dutsen ya kwantar da hankalin 'yan kasuwa da malamai da wani tsohon soja da ya nemi fita ta taga. Mutum ɗaya ne a duniya bai taɓa taka ɗakin nan ba. In Kawu ya zo asibiti dubiya, a bakin baranda yake tsayawa ya aika a kira ta.

Sai ga shi ya haura saba'in da biyar, jiki ya fara ba shi labari. Matakala uku ce a ƙofar shagonsa, sai ya huta a ta biyu. Jiri yana ɗibarsa in ya miƙe. Ya ce wa Inna tsufa ne, Inna ta ce ita ma ai ba jiya aka haife ta ba, amma ba ta dafa bango. Wata safiyar Talata yana cikin zuba duwatsu a faranti, sai ya sulale ƙasa, duwatsu suka watse har titi. Kafin maƙwabta su gama tsincewa ya farfaɗo yana tambayar wa ya taɓa masa kaya.

Mai Wayoyi tana cikin aiki aka ce mata ga kawunta an kawo. Ta same shi a kan benci gaban ofishin likita, hular ulu a karkace, Inna na gefe riƙe da takalmansa. Ta kama wuyan hannunsa kamar yadda ta saba yi wa kowa. Bugun yana zuwa a hankali, a hankali, kamar mai tafiya yana tsayawa yana tunanin ko ya koma.

Likitar, wata doguwar mata da ba ta son dogon zance, ta ja ta gefe. Ta ce ba za ta ba shi ko ƙwaya ɗaya ba sai ta ga takardar gwaji, don maganin da zai taimaki wata zuciyar shi zai tsayar da wata. Ta ce kuma faɗuwa ta gaba ba lalle a tashi ba.

Da dabara aka kai shi ƙarshen baranda. Yana shiga ya ga wayoyi goma suna reto, ya juya.

"Inna, ba ni takalmina."

"Ba zan bayar ba."

"To zan tafi a haka. Ƙafa tawa ce."

"Kawu, zauna mana," in ji Mai Wayoyi. "Ko kujera ce, ba gadon ba."

Ya zauna a bakin kujerar, don ƙafafun ba su ba shi zaɓi ba. "Uwata, na goya ki a keke shekara tara. Sakayyar ke nan? Ki jona ni da bango kamar dutsen guga?"

"Ba abin da zai shiga jikinka."

"Haka ƙofar shago ta ce mini."

Inna ta ce, "Kai dai ka ji kunya. Jiya-jiya aka yi wa matar mai gyaran agogo, ta fito tana dariya."

"Matar mai gyaran agogo ko a gidan makoki dariya take. Ba shaida ba ce."

A shekara ashirin da takwas Mai Wayoyi ba ta taɓa rikita tsarin aikinta ba: dutse tukuna, sannan mai, sannan waya. Ranar nan hankalinta ba ya jikinta. Tun kafin a shigo da shi ta riga ta matse man nan mai santsi tana shafa wa faifan, don kada a ɓata lokaci in ya yarda. Da ta ga zai tashi, ta cusa hannun a aljihu haka nan, ta ciro dutsen da ƙyallen, ta marmasa takarda a teburi, ta goga, ta kusantar.

Takardun ko motsi ba su yi ba.

Ta sake gogawa da ƙarfi. Shiru. Ta sake. Ɓurɓushin takarda yana kwance yana kallonta kamar bai taɓa saninta ba. Dutsen da bai taɓa ba ta kunya a gaban baƙi ba, yau ya zaɓi ya ba ta a gaban mai shi. Idonta ya ciko. Ta san in ya fita daga ɗakin nan ba mai dawo da shi sai a kwance.

Kawu kuwa ya daina kallon ƙofa. Hannunta yake kallo, fuska a yamutse, irin kallon da tela ke yi wa wanda ya riƙe almakashi a juye.

"Me kike yi haka?"

"Kawu, ina so in nuna maka ne..."

"Ki nuna mini? Da wannan hannun? Dubi yatsunki, sharkaf kamar mai wanke-wanke! Wa ya koya miki a goga dutse da jiƙaƙƙen hannu? Kin jiƙa dutse, kin jiƙa ƙyalle, kina jira ya ja. Har baɗi ba zai ja ba. Kawo nan kafin ki kashe shi."

Ta miƙa masa. Ya goge shi tas da bakin rigarsa, ya juya, ya sake gogewa, yana mita. Ya cire hular ulu, ya ɗora a gwiwa, ya riƙe dutsen da yatsu ukun da ke aiki, ya shiga guga, gajeriya-gajeriya, da sauri, yadda ya yi shekara sittin yana yi. Ya miƙa shi kan teburi. Takardun suka yi tsalle gaba ɗaya, har wata ta rataya a jikin wata.

"Kin gani? Haka ake yi. Shekara nawa kina nuna wa mutane abin kunya da sunana?"

"Yau ne kawai, Kawu."

"Haka kowane mai laifi ke cewa."

Ta goge hannu da tawul, ta jawo ɗan benci ta zauna a gabansa, gwiwa da gwiwa, kamar dā a bakin shago.

"Kawu, in tambaye ka. Wace waya ka jona wa dutsen nan?"

"Waya kuma? Allah ya kiyaye."

"To daga ina ya samo abin da ya ja takarda?"

"Nasa ne. Guga ce ke tashe shi."

"To kai ma kana da naka. Allah ya sa wata 'yar wuta a zuciyar kowa, ƙarama ƙwarai, ita ke ce mata buga, ta buga. Tun kana ciki take aiki. Wayoyin nan ba sa kawo komai, saurare suke, su rubuta abin da suka ji. Ni taka wutar nake so in ji, Kawu, don ina jin ta yi rauni."

Ya juya dutsen a hannunsa.

"Wato ni ma da ita nake yawo."

"Shekara saba'in da biyar."

Inna ta ce, "Ni na daɗe da sani. Wanda ya zauna da kai ai ya sha ja."

Bai kula ta ba. Ya nuna bango da haɓa, inda igiyar na'urar take a soke. "Waccan fa? Ita ma saurare take?"

Mai Wayoyi ta tashi ta zare ta daga bango. Ta ce na'urar tana da ɗan batirinta da zai ishe ta rubutu. Ta miƙa masa kan igiyar ya gani, ya janye hannu kamar an miƙo masa kunama. Sai Inna ta karɓa, ta tsaya a ƙarshen gado ta ɗaga shi sama inda zai riƙa gani, takalmansa a ɗaya hannun.

Ya cire riga da kansa. Ƙirjin da take tunawa da faɗi, wanda take jingina da bayansa a kan keke, ya koma ƙasusuwa da farin gashi. Ta shafa man, ya ce sanyi kamar hannun maƙiyi. Ta manna faifai shida. Ta matse ƙafafu, ta matse hannun dama. Da ta zo hannun hagu, mai lanƙwasassun yatsu, ta tsaya. Ya dube ta, ya dubi hannun, ya tura dutsen cikin yatsun nan biyu da ba sa miƙewa, suka riƙe shi daram kamar don shi aka lanƙwasa su. Ya miƙo mata.

"Yi abinki, Uwata."

Ta matse.

"Saura abu ɗaya, Kawu. Ba motsi, ba magana, minti ɗaya."

Inna ta ɗaga ido sama. "Shekara hamsin ina roƙon Allah mintin nan."

Ya buɗe baki zai rama, Mai Wayoyi ta ɗaga masa yatsa, ya rufe. Ta danna maɓalli. Takarda ta fara fitowa, zanen tsaf, ba ciyawa ko ɗaya. Amma tsakanin tudu da tudu akwai fili mai tsawo, shimfiɗaɗɗe, inda ya kamata a ce zuciya ta buga ba ta buga ba. Ita ba likita ba ce, amma ta ga irin takardar nan sau da yawa, ta kuma san waɗanda aka kawo da wuri da waɗanda aka makara. Aikin ya koya mata riƙe fuska. Ta yage takardar, ta ce, "An gama."

"An gama me? Ba ki fara ba."

"An gama, Kawu."

Ya dubi ƙirjinsa, ya dubi kan igiyar a hannun Inna. "Shi ke nan? A kan wannan na yi shekara ashirin da takwas ina tsayawa a baranda?"

Likitar ta duba takardar sau ɗaya ta ɗauki waya. Ta ce saƙon da ke sa zuciyar bugawa yana yankewa a hanya, kuma ba aikin ƙwaya ba ne. Za a tura shi babban asibiti a ranar, a sa masa wata 'yar na'ura mai batir ƙarƙashin fata, kusa da kafaɗa, wadda za ta riƙa tunatar da zuciyar in ta yi jinkiri.

Mai Wayoyi ta dawo ɗakin tana jan ƙafa, takalmin ma ya daina ƙara. Da ƙyar aka samu ya yarda da wayar da ke saurare, yanzu ga batir za a dasa masa a ƙirji. Ta zauna ta faɗa masa duka, ba ta rage komai ba, ta jira ya nemi takalminsa.

Ya daɗe yana kallon dutsen a hannunsa. Ya kusantar da shi ga sauran ɓurɓushin takardar da ke teburi. Ƙarfin gugar ɗazu ya riga ya tafi, ba abin da ya motsa.

"Tawa ce ta yi sanyi, kamar wannan?"

"Ta yi sanyi, Kawu."

"Abin nasu kuma shi zai riƙa goga ta."

"Kusan haka."

"Girmansa?"

"Bai fi wannan dutsen da yawa ba."

Ya mayar da hularsa, ya daidaita ta. "To a goga ta. Amma ki gaya musu su shanya hannu."

Inna ta zauna a bakin gado, ta rufe fuska da mayafi, kan igiyar har yanzu yana hannunta, ba wanda ya tuna ya karɓa.

An yi aikin, ya tashi. Bayan wata biyu yana hawa matakala ukun nan ba hutu, yana kuma tsayawa a sama ya duba ko maƙwabta sun gani. Inna ta sa masa suna Mai Batir, in ya cika surutu ta ce za ta nemo inda ake rage masa murya. Da Mai Wayoyi ta je gaishe shi ta fara godiya ga Allah da likitoci, ya katse ta, ya ce ta gode wa jiƙaƙƙen hannunta, don da dutsen ya ja a hannunta da tuni ya kai gida ba takalmi. Sannan ya kawar da kai ya ce, ƙasa-ƙasa, goyon keken nan dai bai tafi a banza ba. Ta yi kamar ba ta ji ba, don ta san in ta amsa zai janye.

Ya sa ta roƙo masa kwafin takardar gwajin. Ta ɗauka ajiyewa zai yi don tarihi. Ashe ya gano takardar asibiti ba ta da nauyi, ta fi kowace tsalle. Yana nan yana yagar ta kaɗan-kaɗan yana gwada duwatsu, ya kusa cinye tuddan zuciyarsa. Duk wanda ya tsaya a shagon kuwa, ko tambayar hanya ya zo yi, sai ya ji yadda mutanen Girka suka sa wa lantarki sunan dutsen ƙaro. Yadda yake ba da labarin, sai ka rantse da shi aka yi shawarar, malami mai sanƙo kuwa ko ambatonsa babu.

Sandar kunna fitila tana nan a rataye, kuma da ita yake kunnawa. Inna ta ce masa mutumin da ke yawo da batir a ƙirji ai ya wuce wannan. Ya ce ta ciki sun san juna, ta bango kuwa har yanzu ba ta ba shi haƙuri ba.

Mai Wayoyi saura mata shekara biyu ta ajiye aiki. Dutsen ya koma aljihun dama. Ta buga ƙusa a gefen teburi ta rataye tawul, kuma kafin ta sa hannu a aljihun nan sai ta goge yatsunta ɗaya bayan ɗaya, har tsakankaninsu, ko da kuwa a bushe suke.